Ƙura a Waje, Hayaƙi a Ciki: Zagayen Fagge da Sabon Gari

Daga Kantin Kwari zuwa Kasuwar Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, amma wanda ya yi ta a farkon Maris sanye da farar shadda, da wata kala zai koma gida. Hunturu bai gama tattara hazonsa ba, zafin bazara kuma ya fara leƙowa. 'Yan A Daidaita Sahu, waɗanda suka gaji fasinjojin acaɓa tun da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a 2013, sun cunkushe titin Murtala Muhammad suna tuttuɗo hayaƙi. A bakin shaguna janareta na ta ruri. Baƙo na ɗaga kai zai ga dabarar da mutanen unguwa suka yi wa wannan hali: tagogi a rufe ruf, labule a sake, akwatunan esi jere a jikin benaye. An guje wa iskar titi, an fake a ɗaki. Iskar da aka fake a cikinta na zo dubawa.

Unguwannin biyu ƙaramar hukuma ɗaya suke yau, amma ba haihuwarsu ɗaya ba. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye ke sauke raƙuma da gishirin Bilma tun ƙarnoni da suka shuɗe. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, wajen 1913 Turawa suka yanka filaye a miƙe domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu. Sunayen layukan, Abeokuta da Enugu da Aba da Gold Coast, suna faɗin inda mutanen suka fito. Ginin ma ya bambanta. Fagge ta tashi da zaure da tsakar gida, Sabon Gari da gidan haya mai dogon lungu a tsakiya, ɗaki na kallon ɗaki.

Ƙurar da ke kwanciya a kan teburan unguwannin nan ba duka ce 'yar Kano ba. Babban kasonta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Nuwamba har zuwa Maris. Wadda ido ke gani, tsumma da tsintsiya sun ishe ta. Wadda ke damun likitoci ita ce mai laushin da faɗinta bai wuce maikiron 2.5 ba, wadda sai an jera kusan 30 kafin a kai kaurin silin gashi. Ita ce ke wuce hanci ta gangara can ƙasan huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata irinta ta haura maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba a yini guda, a matsakaicin shekara kuma 5.

A hawa na biyu na wani gida a Sabon Gari na tarar da mai gyaran esi da yaronsa suna aiki. Matar gidan ce ta kira shi, wai esi ya daina sanyi, a zo a ƙara gas. Ya kashe wuta, ya ɗaga murfi, ya zaro raga biyu da ƙura ta toshe har haske ba ya ratsa su. "Hajiya, gas ɗinki lafiya lau," in ji shi, "datti ne ya shaƙe shi." Ya ɗaura wata babbar leda mai mazurari a ƙarƙashin injin, bakinta cikin bokiti, ya fesa ruwan sabulu a kan siraran ƙarafan da ke sanyaya iska, ya bi su da famfon matsi. Ruwan da ya sauko bokitin kamar kunun kanwa. Sai ya haska fitilar waya cikin doguwar fankar da ke ciki, ya nuna mini baƙin fumfuna da ya manne a kowane haƙori nata, tun danshin daminar bara. Yaron ya hure bututun zubar ruwa, ya fita baranda ya wanke injin waje. Da aka kunna, sanyi ya dawo ba tare da an taɓa tukunyar gas ba.

Masu wannan sana'a sun ce yawancin kiran da ake musu ke nan: sai sanyi ya ɗauke ake tunawa da su, ba don tari ko atishawar yara ba. Aljihu ma yana shan wahalar dattin. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa toshewar raga kaɗai na ƙara shan wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin 100, abin da ba wasa ba ne ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin lantarki, inda aka kai yunit ɗin wuta naira 225 a Afrilun 2024.

A Amurka da Kanada aikin ya sha bamban. Can inji ɗaya ne ke hura wa gida duka iska ta bututun kwano da ke ɓoye cikin rufi da bango, sharar bututun kuma sana'a ce mai zaman kanta, da burushi mai juyawa da injin zuƙo ƙura, har da ƙungiyarsu, NADCA, da aka kafa a 1989. Duk da haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba a tabbatar sharar bututu na hana cuta ba. Shawararta ita ce a yi idan an ga fumfuna, ko ɓeraye da ƙwari sun shiga, ko datti ya toshe hanya. A Kano irin wannan bututu sai manyan otal da bankuna da ɗakunan taro, su kuwa sakaci da nasu injin na da haɗari. A 1976, a wani otal a birnin Filadelfiya, ƙwayar cuta ta yi sheƙa a ruwan injin sanyaya iska, mutum sama da 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu.

Abin da yawancin masu esi na bango ba su sani ba shi ne injin ba ya shigo da iska daga waje. Tsakanin akwatin ciki da na waje ba komai sai bututun tagulla da gas ke zagayawa. Iskar ɗakin ce yake zuƙa, ya sanyaya, ya dawo da ita, ragarsa kuma manyan ƙura kawai take tarewa. Duk abin da aka ƙona a ɗakin da aka rufe, yana nan yana juyawa har gari ya waye.

Mukan ƙona abubuwa da yawa kuwa. Bayan magariba na shiga lungun wani gidan haya. A ƙofar kusan kowane ɗaki ana girki: wata a risho, wata a ƙaramar tukunyar gas, da dama a kurfoti, don tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya gawayi ya dawo da ƙarfinsa. Lungun ba shi da mafita sai ƙofar gaba, hayaƙin ya taru a sama yana neman ɗakin da labulensa ya ɗage. Da dare ya yi sai igiyar leƙo, maganin sauro. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna guda ɗaya na iya fitar da laushin hayaƙin da ya kai na sigari 75 zuwa 137. Wasu fiya-fiya suke yayyafawa su ja ƙofa su kwanta. A Fagge ga kasko da turaren wuta, wanda ba mai hankalin da zai ce wa uwargida ta bari. Magana ita ce a buɗe taga, a nisanta jariri da mai asma har ƙamshin ya kama hayaƙin ya fice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa gurɓatar iskar cikin gida mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, sama da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mafi saurin kisa shi ne janareta. Hukumar kwastam ta hana shigo da ƙaraminsa a 2015, amma har gobe ba layin da babu shi. Tsoron ɓarawo ya sa ake ɗaure shi da sarƙa a ƙarƙashin matakala ko a baranda daf da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai take fara sawa, da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Farantan sola da suka fara yawa a kan rufin unguwar, ko da tsadar fetur ce ta kawo su, huhu ne ya fi cin ribarsu.

A France Road, cikin wannan ƙaramar hukuma, asibitin cututtuka masu yaɗuwa yake, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Nan aka riƙa kwararo marasa lafiya a annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Lokacinta ke nan: busasshiyar iska mai ƙura ta ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, mutane kuma sun cushe a ɗaki ɗaya taga a rufe. Shi ya sa duk bazara ma'aikatan lafiya ke nanata rigakafi da kwana a wuri mai iska.

A cikin lungunan Fagge akwai sauran tsofaffin gidaje da ke nuna cewa magabata sun san wannan lissafi. Katanga mai kauri tana tare zafin rana, ƙaramar taga can sama tana fitar da hucin ɗaki, murhu na tsakar gida inda hayaƙi ke miƙewa sama, da bazara kuma a baje tabarma a waje. Ba a rasa hayaƙin itace ba, amma yana da hanyar fita. Yanzu darajar fili kusa da Kwari ta sa gidajen na komawa filaza da sito, waɗanda suka rage kuma an rufe tsakar gidansu da kwano don a ƙara ɗakin haya.

Mai gyaran esi ya cancanci kuɗinsa, a kira shi bayan hunturu da bayan damina, maigida kuma ya riƙa zare ragar nan yana wankewa da kansa duk mako biyu a lokacin ƙura. Sai dai iyakar aikinsa injin. Fitar da janareta fili nesa da taga, mai da kurfoti inda sama take a buɗe, sauya igiyar leƙo da gidan sauro, buɗe tagogi da sassafe kafin titi ya tashi: waɗannan ba wanda za a ɗauko haya ya yi su. Wanda kuma zai sa harsashin sabon bene a Fagge ko Sabon Gari, ya bar wa kowane ɗaki taga biyu masu kallon juna, ya bar wa madafi mafitar hayaƙi, tun kafin ya fara lissafin esi nawa bangon zai ɗauka.