Talabijin ɗin gidanmu da hannun da ba a gani

A gidanmu babu abin da ya kai rimot yawo. Yau a lungun kushin, gobe a ƙarƙashin darduma, akwai ranar da aka tsinto shi a kwandon albasa, murfin batirinsa naɗe da salatif. Daren da ya ɓace ana tsaka da ƙwallo, ƙara ta cika gida ga jariri na barci, sai na tuna ai talabijin ɗin nan Wi-Fi ɗaya take hawa da kwamfutata.

Rimot irin namu haske yake harbawa, irin wanda ido ba ya gani, shi ya sa sai ka saita shi. Talabijin mai shiga intanet kuwa kwamfuta ce aka rataye a bango. Tana da adireshi a cikin gida, irin su 192.168.0.105, da ƙofofi masu lamba inda take sauraron umarni. Tamu LG ce, irin masu tsarin webOS da suka fara fitowa a 2014, ƙofarta 3000 ko 3001. Samsung na saurare a 8001 da 8002, Roku a 8060. A 2018 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta nuna cewa wanda ya shiga Wi-Fi ɗin gida zai iya canza tasha ko ƙure ƙara a talabijin mai tsarin Roku ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Masu raba kalmar sirrin Wi-Fi ga duk baƙon da ya tambaya, ku ji da kyau.

Na zauna na rubuta 'yan layuka da yaren kwamfuta na Python, ba su kai 30 ba. Ina turawa sai ga akwati ya fito a fuskar talabijin, wai wata na'ura na neman izini, a amince ko a ƙi. Da me zan danna amincewar? Da rimot ɗin da nake gudu! Sai da muka ɗaga kujeru kaf. Daga nan ta ba ni wani dogon mabuɗi na adana, ba ta sake tambaya ba.

Rage ƙara, buɗe YouTube, kashewa, duk suka tafi sumul. Kunnawa ce ta ba ni wuya, don wadda aka kashe ba ta amsa sallama a waccan ƙofa. Akwai wani ɗan saƙo na tashin mai barci da ake watsa wa duk na'urorin gida: FF sau 6, sai lambar katin sadarwar talabijin ɗin, wadda ake kira MAC, sau 16. Idan ta ji lambarta sai ta farka, muddin ka kunna wannan damar a saitinta. Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, komai ya tsaya cik. Ashe na'urar Wi-Fi ta sake rabon adireshi, ina ta buga ƙofar wayar wani. Na shiga saiti na keɓe wa talabijin lamba ɗaya dindindin.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma daɗin abu ya ja ni, na sa wa kwamfutar lokaci: da magariba rubutu ya fito a gefen allo, "Lokacin sallah ya yi", bayan minti 5 talabijin ta mutu. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar farko ina ɗaki ina ƙunshe dariya. Babban yaron ya leƙa bayan talabijin yana jijjiga soket, ƙanwarsa ta kalli rimot ɗin da ke hannunta, ta kalli bango, ta fashe da kuka. A da in na shigo na ce a kashe, akwai "Baba saura kaɗan", akwai ciniki, wani lokacin ma in zauna mu ƙarasa katun ɗin tare. Yanzu babu wanda za a roƙa. Sai na ga yaran sun koma zargin juna.

A rana ta huɗu ta mutu wa maman yara a gaban baƙi, suna kallon bidiyon bikin ƙanwarta, daidai wurin kamu. Bayan sun tafi ta same ni, ko murya ba ta ɗaga ba.

"Baban yara, kai ne ko?"

Na ce ni ne.

"To in za ka kashe, ka fito falo ka kashe da hannunka, mu gan ka."

Na so in kawo hujja, na rasa. Ga shi lokacin magaribar ma ba tsaye yake ba, yana matsawa da watanni, agogon da na sa kuwa bai san haka ba.

A daren na goge layin kashewa. Na bar na saƙon, na bar na rage ƙara bayan ƙarfe 10, da saninta. Rimot ɗin kuma na ɗaure shi da igiya a ƙafar tebur. Jiya na tarar da igiyar kawai.