Zo Mu Ƙirga Shi Tare: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana

Ɗana,

Mahaifiyarka ce ta matsa mini in rubuto maka, domin ta ce idan na kira ka a waya za ka ce "Baba ba komai", ni kuma in ce "to madalla", mu rabu ba a taɓo maganar ba.

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai ga saƙo daga wata lamba da ban sani ba. An rubuta cikakken sunanka, an ce ka ci bashi ka gudu, wai duk wanda ya san ka ya yi hattara da kai. Kafin magariba kawunka ya kira ni, shi ma an tura masa. Da daddare na tsare ƙaninka, sai da na haɗa shi da Allah sannan ya faɗa mini abin da ya sani: manhajojin bashi guda uku a wayarka, katin bashi na banki, ga kuma asusun albashinka da banki ya bari kake cirar fiye da abin da ke ciki. Ya ce ranar da albashi ya shigo, kafin ka gama karanta alat an kwashe rabi.

Ban yi fushi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne lissafin da na yi na kuɗin da kake turo mana duk wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin man motarka zuwa ofis ya ninka, hayar gidanka ta ƙaru, amma ko sau ɗaya ba ka rage abin da kake aiko mana ba. Na riƙa yabonka a gaban mutane. Ashe buhun shinkafar azumi da ragon layya duk da bashi muka ci su. To, ka ga ke nan da hannuna a cikin wannan al'amari, kuma ba zan tsame shi in bar ka kai kaɗai ba.

Akwai labarin da ban taɓa ba ka ba. Shekarun da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kana firamare, ni ma aikina ya tafi. Na fara karɓar kayan abinci a wurin wani mai kanti a layinmu, yana rubutawa. Da adadin ya yi nauyi, sai na ranta a wurin abokina na rage masa. Da abokin ya waiwayo ni, na ranta a wurin wani na biya shi. Cikin wata takwas mutum biyar ke bi na, kuma ban san jimillar kuɗin ba, don tsoron haɗa lissafin nake yi. Na daina bi ta gaban kantin. Har masallaci na canza, ina tafiya wata unguwa sallar asuba don kada mu haɗa sahu. Ranar da yayana ya gano, bai yi mini faɗa ba. Ya yago takarda daga littafin makarantarka ya ce in faɗi sunaye da adadi. Da muka haɗa, kuɗin na da yawa, amma bai kai dodon da nake gani a cikin kaina ba. Na sayar da babur ɗina, muka zagaya wurin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, na gama biya cikin shekara biyu. Mai kantin nan shi ne ya zo ɗaurin aurenka da babbar riga fara.

Saboda haka abin da nake so ka fara yi shi ne ka rubuta. Kowane bashi, wa ke bin ka, nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan, yaushe ne wa'adin. Ka san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin da aka rubuta yana da iyaka, wanda aka bari a zuci kuwa kullum dare ƙara girma yake.

Idan ka rubuta za ka ga ba duka ne ɗaya ba. Ƙaninka ya ce ɗaya daga cikin manhajojin ta ba ka naira 50,000, bayan mako biyu ka mayar da 60,000. Dubu goma a mako biyu kamar ba komai ba ne. Amma idan kana biya kana sake karɓa har shekara ta zagayo, ka ba su 260,000 na ruwa kawai, kuma 50,000 ɗin tana nan a wuyanka. Irin waɗannan su ne za ka fara kashewa, ka goge su daga wayarka. Katin bashi kuma dabararsa ita ce ɗan ƙaramin adadin da suke cewa ya isa ka biya a wata. Mafi yawansa a ruwa yake tafiya, uwar kuɗi tana kwance. Ka ajiye katin a gida, ka riƙa biyan fiye da abin da suka yanka, ko da kaɗan ne. Daga yau kuma kada ka sake cin bashi don biyan bashi. Na gwada, na ga ƙarshensa.

Banki kuwa, ka sa rigarka ka je da ƙafarka. Ka nemi su mayar da abin da ka cira fiye da albashinka ya zama biya kaɗan-kaɗan na wata-wata, kuma duk abin da kuka yi yarjejeniya a kai a ba ka shi a rubuce. Kada wani ya ba ka shawarar ka karkatar da kuɗinka zuwa wani bankin ka ɓuya. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke bai wa banki damar ciro bashinsa daga sauran asusun da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka, muddin ka sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Gudun ba shi da amfani, sai ɓata suna.

Su kuma masu tura wa dangi saƙon cin mutunci, bashinsu haƙƙinsu ne, za a biya su. Amma mutuncinka ba ya cikin abin da ka jinginar. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas a 2022, ta kuma wajabta musu yin rajista. Ka adana saƙonnin, ka kai ƙara. Ni dai na riga na faɗa wa kawunka cewa ɗana bai gudu ba.

Ka zauna da matarka ka nuna mata takardar. Na san abin da wuya. Amma ita ke riƙe da tukunya, ita ta san inda za a rage ba tare da yara sun ji ba, kuma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga wayar ƙawarta. Abinci da haya da kuɗin makaranta su ne gaba, sauran duk abin da ya rage na masu bashi ne. Idan motar nan sai an sayar, a sayar. Na hau ƙafa shekara biyu ban mutu ba.

Sai magana ta ƙarshe, kuma umarni ne: kada ka sake turo mana ko kwabo har sai ka fita. Fanshona yana shigowa, gonar Giwa ta ba mu masarar da za ta kai mu kaka, mahaifiyarka kuma za ta kwashi adashinta wata mai zuwa, ta ce naka ne, kuma ba ruwa a kansa. Kada ka yi mata gardama, ka san halinta.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba kai ka fara ba, ubanka ma ya riga ka. Ka zo gida ranar Asabar da takardar nan, ko ba ka gama cike ta ba. Ina da biro, kuma har yanzu ban manta lissafi ba.

Allah ya yaye maka, ya yi maka albarka, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ni ne,
Mahaifinka.