Alƙalami Da Tukunya A Ɗaki Ɗaya

 Malam Edita ya ce in kawo masa labari domin shafin Hausa na bana, ni kuwa na ce masa ba zan ƙaga labari ba wannan karo, gama na bara ya jawo mini abin da ya jawo. Abin da zan ba ku shi ne labarin gidana, watau yadda mai iyali ya ke fama da rubutu, da daɗin abin da wuyarsa. Samarin da ba su yi aure ba tukuna su kasa kunne, masu aure kuwa su duba ko na yi ƙarya.

Tun ina makarantar mishan a ƙauyenmu son rubutu ya shiga raina. Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne. A kasuwa na koye ta, da majami'a, da kuma Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Wata rana wani malaminmu ya ba ni aron Ruwan Bagaja, ya gaya mini Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta shi domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ya ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne a Bauci sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar, kuma John Tafida na Wusasa yana da hannu cikin Jiki Magayi. Sai na ce a raina, ashe alli da alƙalami 'yan gida ɗaya ne, ni ma zan riƙe su duka biyu. Abin da ban tambayi kaina ba a lokacin shi ne, in mutum ya zauna yana rubutu, wa ya ke ɗebo ruwa, wa ya ke dafa tuwo?

Na yi aure shekara guda kafin in shigo wannan kwaleji, yanzu kuwa Allah ya ba mu 'ya ɗaya. Muna haya a ɗaki guda a bayan kwaleji. Cikin ɗakin akwai gado, da akwati biyu, da tebur ɗaya tak. A kan teburin nan mu ke cin abinci, a kansa a ke guga, a kansa na ke shirya darasi, a kansa kuma na ke rubuta labaraina in sauran ayyuka sun ba ni wuri. Uwargida tana suyar ƙosai a bakin hanya kowace safiya, yawancinku kun santa, kun kuma ci na hannunta. Da ribar ƙosan nan mu ke biyan haya, da ita mu ke sayen sabulu da gishiri, gama ɗalibi ba shi da albashi, karatun NCE kuwa shekara 3 ne.

To, ga yadda yininmu ya ke tafiya. Ƙarfe 4 na asuba ta kan tashi ta surfa waken da ta jiƙa, ta kai markaɗe, ta hura wuta. Ni kuma in tafi aji, ba na komowa sai la'asar. Da dare kaɗai na ke samun sarari, daidai lokacin da ita ma ta ke bukatar haske domin tsince waken gobe. In an ɗauke wuta, fitilarmu mai caji ɗaya ce. In na jawo ta wajen takarda, tsakuwa ta wuce cikin wake. In ta jawo ta wajen faifai, ni kuma in rasa layi. Cikin hunturu kuwa, kun san sanyin Filato a watan Disamba da Janairu, yatsu su kan ƙage har alƙalami ya gagara riƙewa, ga yarinya tana tari, ga Uwargida tana cewa, "Malam, rufe littafin nan haka nan, gobe ma rana ce."

Waɗansu abubuwan da su ke faruwa na dariya ne. Na taɓa rubuta wani labari mai shafi 12, na ajiye shi ƙarƙashin gado tare da tsofaffin takardun gwaji da na ba ta domin ƙunshe ƙosai. Bayan kwana biyu sai wani abokin karatuna ya tare ni a ƙofar aji, ya miƙo mini shafi na 7 ya sha mai sharkaf, ya ce, "Malam, na karanta wannan, ya yi daɗi. Ƙosan nawa zan saya in sami ƙarshensa?" Na koma gida da fushi, amma da na tuna ni na haɗa takardun wuri ɗaya, sai na haɗiye fushina. Har yau ban sake samun shafi na 3 da na 9 ba.

Akwai kuma ranakun murna. Ran da sunana ya fara fitowa a wannan mujalla, Uwargida ta ɗauke ta ta zaga da ita gidajen maƙwabta, ta dafa mana acca da nama, abin da ba mu kan gani ba sai Kirsimeti. Ita ce kuma mai fara jin duk abin da na rubuta. A Jos ta girma, cikin 'yan kasuwa, saboda haka Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba. In ina karanta mata, hannunta na cikin wake, sai ta ɗaga kai ta ce, "Tsaya. Wannan Hausar majami'a ce. Tun da na ke sayar da ƙosai ba wanda ya taɓa ce mini, 'gama ba ni da canji.'" Sai in soke, in sa abin da ta faɗa. Yawancin maganganun da kuka yaba cikin labaraina daga bakinta suka fito, ko da ya ke sunana kaɗai a ke bugawa a ƙasa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Kun tuna labarin da na kawo bara, na wani marubuci mai mafaɗaciyar mata, wadda kullum ta ke tambayarsa, "Takarda za mu ci?" Kun yi dariya ƙwarai, har waɗansu suka ce ban taɓa rubuta wanda ya kai shi ba. Wannan labari kaɗai ne ban karanta mata ba kafin in miƙa wa Edita, kuma zuciyata ta san dalili. Maganar nan ba ƙagarta na yi ba. Ita ta faɗa mini, a ɗakinmu, da dare, tana hawaye. Ran nan kuɗin sarin wake na ɗauka daga cikin gwangwani ban gaya mata ba, na je aka buga mini labari a kwamfuta, ga shi kuwa yarinya tana kwance da zazzaɓi.

Da mujalla ta fito, ba a yi kwana uku ba sai masu sayen ƙosai suka fara ce mata, "Uwargida, yau takarda za mu ci?" su fashe da dariya. Da farko ba ta gane ba, ta taya su dariya. Daga baya wata maƙwabciyarmu ta ba ta mujallar, ta zauna ta karanta da kanta tun daga farko har ƙarshe. Da na komo daga aji na tarar da tuwona a rufe a kan tebur, mujallar tana gefensa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Kwana biyu ba ta fita suya ba, ba ta kuma ce mini kome ba sai gaisuwa. A rana ta uku da dare, bayan yarinya ta yi barci, ta ce, "Malam, ban taɓa hana ka rubutu ba. Abin da na faɗa ka rubuta daidai, ba ka ƙara ko harafi ba. Amma ba ka rubuta kuɗin da ka ɗauka ba, ba ka rubuta zazzaɓin 'yarka ba. Ka sa magana tawa a takarda, ka ɓoye aiki naka. Yanzu kwaleji duka ta san bakina, ba wanda ya san hannunka."

Na buɗe baki in ce ai labari ne kawai, ban ambaci sunanta ba. Amma wa zan ruɗa? Kowa ya gane, domin a gane ɗin ma na rubuta. Washegari ta goyi yarinya ta tafi gidan iyayenta, ta ce tana so ta huta.

Kai, jama'a, a nan na koyi abin da ba a koyarwa a aji. Dā ina cewa a raina, in da zan sami ɗaki shiru, da tebur nawa ni kaɗai, da fitila ba mai ja, da na rubuta littafi cikin wata guda. To, ga shi na samu duka. Mako biyu ta yi, cikinsu kuwa ban rubuta ko layi ɗaya ba. Da asuba ina layin famfo da bokiti, da yamma ina fama da murhu, tuwo ya yi gudaji, miya ta ƙone. Ran Asabar wanki. Kuɗin ƙosai ya tsaya, sai na shiga koyar da 'ya'yan wani ɗan kasuwa da dare domin in sami na garin masara. In na zauna a tebur sai barci ya kwashe ni. Ran da na yi ƙoƙari na rubuta rabin shafi, na ɗaga kai in karanta, ba mai ji, na yage shi. Sa'an nan na gane cewa sa'o'in nan biyu da na ke kira lokacina na rubutu, ba daga sama su ke faɗowa ba. Wata ce ta ke saya mini su da barcinta da hayaƙin da ta ke sha a bakin kasko.

Na je wurin kawuna na gaya masa gaskiya duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, an ce magana zarar bunu ce. Wannan ta baki ke nan, balle wadda aka buga aka raba wa mutane." Ya sa hularsa muka tafi gidan surukaina. Na durƙusa gaban mahaifinta na ce, "Baba, na yi laifi." Ya ce, "Tashi, ɗana. Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Amma ba ni ka yi wa ba, ga ta can." Na roƙe ta gafara gaban uwarta da ƙannenta, abin da ya fi mini kowace jarrabawa wuya. Ta yafe, muka komo tare.

Tun daga ran nan muka yi ƙa'idodi huɗu, muna kuwa binsu. Na ɗaya, ba abin da ya shafi gidanmu da zai fita a takarda sai na karanta mata ta yarda. Na biyu, gwangwanin kuɗin wake nata ne, kuɗin takarda daga abin da na samu na koyarwar dare zai fito. Na uku, fitila tata ce har ƙarfe 10, ni ma in sa hannu a tsintar wake, bayan haka ta zama tawa. Na huɗu, ran Lahadi alƙalami yana hutu, daga sujada sai hira da ziyara.

Wani abu kuma ya bayyana wanda ban taɓa zato ba. Muna tsintar wake wani dare sai ta jawo wani tsohon littafin rubutu daga ƙasan akwatinta. Ashe tun kafin aurenmu ta ke rubuta tatsuniyoyin da kakarta ta ke yi musu, ta juya su daga harshenmu zuwa Hausa, har sun kai 14. Na ce, "Me ya hana ki nuna mini?" Ta ce, "Tebur ɗaya ne, Malam, kai kuwa ba ka taɓa tambaya ba." Ta tuna mini cewa mata ma sun daɗe suna rubutu da Hausa, ga Hafsat Abdulwahid da ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, ga Balaraba Ramat Yakubu da littattafanta. Yanzu ran Asabar da yamma ni ke ɗaukar yarinya mu fita yawo, tebur ya zama nata. In Malam Edita ya yarda, baɗi zan kawo masa ɗaya daga cikin tatsuniyoyin nan, da sunan mai ita a ƙasa.

Kada ku zaci yanzu kome ya daidaita. Har yanzu a kan ɗauke wuta, har yanzu yarinya ta kan yi zane a kan shirin darasina, har yanzu mu kan saɓa, gama zo mu zauna zo mu saɓa ne. Littafin da na ke mafarkin rubutawa bai wuce babi na biyu ba, ga gwajin koyarwa yana tafe. Amma na daina ganin iyalina kamar su ne suka tare mini hanya.

'Yan'uwana masu son rubutu, ga shawarata. Za mu fita daga nan mu koya wa yara faɗin gaskiya, to mu sani rabin gaskiya da aka rubuta a kan wanda ba shi da shafin da zai mayar da amsa, zalunci ne. In za ka sa mutumin gidanka a labari, ka sa kanka tare da shi, da laifinka duka. Wannan takarda da ku ke karantawa na karanta wa Uwargida sau biyu. Ta soke abu biyu, ta gyara mini Hausa a wuri biyar, ta ce in bar "gama" ɗina tun da na ƙi rabuwa da shi.

Saura roƙo ɗaya. Ku da ku ke sayen ƙosai da safe, don Allah ku bar maganar nan ta takarda. In dariya ku ke so, ga ni a aji, ni na ɗauki kuɗin wake. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.