Iskar Bisley

A filin Bisley da ke Ingila, inda ake gasar harbi tun 1890, daga nisan yadi 900 da 1000 ake zagayen ƙarshe na Kyautar Sarki. Harsashi kan shafe kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa allo. A wannan ɗan tsakani, iskar da ke gudun kilomita 16 a awa na iya karkatar da shi fiye da mita 2.

Duk da haka, ba a fili gogaggun maharba ke fara atisaye ba. A gida mutum kan kwanta rub da ciki, ya saita, ya tsayar da numfashi, ya ja kunamar bindigar da babu harsashi cikinta, yana lura ko bakinta ya motsa. Ƙarar harbi takan ɓoye zaburar kafaɗa, shiru kuwa tona ta yake yi.

Iska ce ba ta koyuwa a ɗaki. Sai an zauna a filin ana duban tutoci da kawalwalniya ta madubin hangen nesa, a rubuta hasashe a littafi kafin wani ya harba, sannan a kwatanta da inda harsashinsa ya faɗa. Aiki ne mai gundura, shi ya sa sababbin shiga sukan gwammace sayen sabuwar bindiga.