Wuƙar da ke bayan zarto

Mutum huɗu suka sauke injin daga bayan akori-kura, su ma da ƙyar. Mai gidan, malamin lissafi ne da ya yi ritaya a Kaduna, ya tsinto shi a kasuwar Panteka ƙarƙashin tarin ƙarafa, ya biya da wani kaso na kuɗin sallamarsa. Injin zarto ne mai tebur, irin wanda faifan zarton ke leƙowa ta tsakiya, ana turo masa katako. A gabansa akwai farantin suna: Wadkin, Leicester, kamfanin Ingila da aka kafa a 1897. Burin malamin shi ne garejin gidan ya zama wurin aikin kafinta, shi da autansa da ya gama sakandare yana jiran gurbin jami'a.

Tsatsa ce ta fi tsorata ido, ita ce kuma ta fi sauƙin magani. Teburin na ƙarfen zubi ne, kuma tsatsar ba ta wuce fatarsa ba. Kananzir da reza da samfefa suka fito da shi cikin kwana uku, aka shafe shi da kakin zuma maimakon man inji, wanda kan ɓata katako. Nauyin da ya wahalar da masu sauke shi, shi ne darajarsa: yana shanye girgiza, ba ya barin zarto ya yi rawa.

Notuna suka fi ba da wuya. Babu sifanar da ta zauna musu daidai, domin an ƙera su ne a kan ma'aunin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841. Kusurwar zarensu digiri 55 ce, ta notunan da ke kasuwa yau kuwa 60. Bambancin ƙanƙane ne a takarda, amma ya isa ya cinye zaren ramin da ba shi da madadi. Daga nan duk notin da aka kwance sai ya shiga gwangwanin madara da sunan wurinsa a jiki. Boris biyu na sandar da ke juya faifan sun mutu, aka karanta lambarsu aka sayo sababbi. Motar injin tana son wuta mai layi uku, gidan kuwa layi ɗaya gare shi, sai aka musanya ta da wata mai saurin juyi iri ɗaya.

Ranar da injin ya fara kuka, yaron ya nuna wata mariƙa da ke bayan faifan, wadda ba ta riƙe da komai.

"Baba, me ake ɗaurawa a nan?"

Malamin ya tuna abin da mai sayarwa ya ce masa: "Malam, wannan ba ta da aiki, kafintoci cire ta suke yi." A gurbin nan ake kafa wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje, ba shi da kaifi, yana bin bayan zarto. Turawa na kiransa wuƙar tsaga. Ba ta yanka komai, shi ya sa ake raina ta.

Aikinta yana bayyana ne idan aka yi lissafi, kuma malamin bai manta sana'arsa ba. Faifai mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti, haƙoransa suna gudun kusan kilomita 190 a awa. Haƙoran gaba suna saukowa, suna danne katako a kan tebur. Na baya kuwa tasowa suke yi, suna nufo mai aiki. Katako ba ya zama yadda aka gan shi. Akwai ɗaurin da ke cikin jijiyoyinsa, musamman wanda aka kawo da ɗanyensa daga kudu ya haɗu da hunturu, bayansa ya bushe cikinsa bai bushe ba. Ana tsaga shi sai bakin tsagar ya rufe, ya matse haƙoran baya. Su kuma su ɗauke shi su jefo wa mai turawa a ciki ko a fuska, kuma sau da yawa hannun da ke riƙe da shi yakan bi shi zuwa kan zarto. Wuƙar tana zaune cikin tsagar don kada ta rufe.

Sai malamin ya zare filogi, ya saka a aljihu. Mako biyu injin bai sake juyawa ba, yaron yana ta cika yana batsewa.

Ƙera wuƙar ba aikin ido ba ne. Dole kaurinta ya ɗara na jikin faifan, amma ya gaza faɗin hanyar da haƙora ke buɗewa. Idan ta yi siriri, katako zai matse zarto kamar ba ta nan. Idan ta yi kauri, katako zai cije a kanta. Tazararta da haƙora kada ta wuce milimita 8. Wadda maƙeri ya fara yankowa ta yi kauri, ta biyu ta ɗan karkace, ta uku ce ta zauna a layi ɗaya da faifan. Kafin nan sun daidaita faifan da tsagin da ke kan tebur: suka yi wa haƙori ɗaya alama, suka auna nisansa da tsagin a gaba, suka juyo shi baya suka sake aunawa, har awon biyu ya zama ɗaya. Haka suka yi wa madogarin da katako ke bi, domin idan ƙarshensa ya karkato wajen zarto, shi ma matsi ne.

Katakon farko madaci ne, tsawonsa ya kai ƙafa shida. Malamin ya tsaya a gefe, ba a bayan zarto ba, ya tura da sanda. Da aka wuce rabi, yaron da ke tarba a ɗaya ɓangaren ya ga bakin tsagar ya haɗe har ba ya ganin haske ta ciki, wuƙar kuma tana riƙe da sauran a buɗe. Ƙarar injin ba ta sauya ba.

"Kawo na biyun," in ji malamin. "Wannan kai za ka tura."

Gwangwanin koren fentin da suka saya tun makon farko yana nan a kan taga, ba a buɗe shi ba.