Rigar Sallar Da Ban Ɗinka Ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aminaina biyu suka kwana a gidana a Tudun Wadar Gusau. Ɗaya daga Tsafe ta zo sarin yadi, la'asar ta riske ta a kasuwa, kuma kowa ya san hanyar nan ta Funtuwa ba a son bin ta da yamma a 'yan shekarun nan. Ɗayar malamar makaranta ce a Bungudu. Ita gida kusa ne, amma da ta ji 'yar Tsafe za ta kwana sai ta ce ba za a yi babu ita ba. Tun muna kwalejin ilimi ta mata a nan Gusau muke tare, ni ce daga baya na ajiye alli na kama keken ɗinki.

Bayan isha'i yara suka yi barci. Muka shimfiɗa tabarma, ga kwaɗon zogale a tsakiya, ga fulas ɗin shayi. Malama ta jawo kwamfutarta ta ce akwai fim ɗin da ta daɗe tana so in gani, tunda harkar sutura ce sana'ata. Sunansa The Devil Wears Prada, wato shaiɗan sanye da kayan Prada. A 2006 ya fito, an ɗauko shi daga littafin da Lauren Weisberger ta wallafa a 2003, bayan ta yi aiki a ƙarƙashin Anna Wintour, editar mujallar Vogue ta Amurka a wancan lokacin. Inda Turancin ya yi mana sauri, Malama takan tsayar ta warware mana.

Labarin wata yarinya ce, Andy, da ta gama karatun aikin jarida ta shigo birnin New York. Sai ta samu aiki a matsayin ƙaramar hadimar Miranda Priestly, shugabar wata mujallar ado mai suna Runway. Meryl Streep ce ta fito a Miranda. Ba ta ɗaga murya, amma in ta shigo ofis kowa sai ya shiga taitayinsa. An shaida wa Andy cewa in ta jure shekara guda, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa za a buɗe mata. Ta jure. Ta canja sutura, ta canja tafiya, wayar uwar ɗakinta ta fi ƙarfin cin abinci da mahaifinta, ta fi ƙarfin zama da ƙawayenta. Sai ga babbar jarrabawa. Abokiyar aikinta Emily ta yi watanni tana horar da kanta da yunwa don ta raka Miranda bikin nuna tufafi na Faris, sai Miranda ta ce da Andy za ta tafi, kuma ita Andy ɗin ce za ta kai wa Emily labari. Ta karɓa, tana cewa ba ta da zaɓi.

A Faris, Miranda ta ceci kujerarta ta hanyar miƙa wa wata mata muƙamin da aka riga aka yi wa Nigel alkawari, mutumin da ya yi shekaru yana yi mata bauta. Da Andy ta nuna ƙyamar hakan a cikin mota, Miranda ta tuna mata cewa ai ita ma abin da ta yi wa Emily ke nan. Andy ta fita daga motar, ta wurga wayar cikin ruwa, ta yi gaba.

'Yar Tsafe ce ta fara magana. "Ni fa, ƙawata, ban ga baƙin Miranda kamar yadda suke so in gani ba. Da namiji ne cewa za a yi jarumi ne, ya san aikinsa. Kun ga lokacin da mijinta ya nemi su rabu, ta zauna ba kwalliya tana tunanin tagwayenta? Wannan matar ta biya."

Malama ta ce, "Ta biya, amma Nigel me ya ci da za a ɗora masa bashin? In mutum ya sayar da barcinsa don ya kai wani matsayi, nasa ne. In ya sayar da na wani, sata ce."

'Yar Tsafe ta ajiye kofinta. "Ita yarinyar ta jefa waya a ruwa don ta san akwai wani aikin a gaba. Mu fa? Masaƙar Gusau da ta ciyar da iyayenmu ta daɗe da rufewa. Gonakin dangin maigidana da ke bayan gari shekara nawa ba a shiga ba saboda 'yan bindiga. Wannan wayar da kuke gani, da ita nake tallan yadi a WhatsApp, ita ke ciyar da mutum tara. Wa zai ce mini in rage buri?"

Babu wadda ta musa mata, don gaskiya ta faɗa. Ni dai tun da aka zo wurin motar nan na kasa ci gaba da cin kwaɗon. Malama ta lura. "Ke kuma, telarmu, yau ruwa ya cinye ki?"

Na ce akwai abin da ban taɓa faɗa musu ba, kuma ina so ya tsaya a kan tabarmar nan.

Shekara uku da suka wuce, azumi yana da kwana biyar, maƙwabciyata ta kawo mini atamfa turmi ɗaya. Mijinta ya rasu, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Ta ce in fitar wa 'yarta riga da siket, abin da ya rage nata ne. Na auna yarinyar, shekararta tara, tana ta miƙe wuya don ta ƙara tsawo. Na rubuta awon a littafi. Uwar ta ba ni kafin alƙalami, kuɗi duk sun sha mai, na ce ta zo ranar 27 ga wata.

Da aka shiga goman ƙarshe sai ga wata Hajiya a mota, da leshi da shadda kala goma sha biyu, nata da na 'ya'yanta, kowanne da aikin duwatsu. Irin matar da in ta sa ɗinkinka ta shiga taro, shagonka ya tashi daga na unguwa ya zama na gari. Na san kekuna uku da 'yan koyo biyu ba za su iya ba. Na karɓa. Muka riƙa kwana a shago, janareto na kuka, yaran nan biyu suna sahur a kan benci suna gyangyaɗi da allura a hannu. Atamfar maƙwabciyata tana ƙasan tari. Ta zo ranar 27 na ce gobe. Ta zo ranar jajiberi na sa aka ce mata na fita, alhali ina ciki ina guga.

Da safiyar Sallah, a hanyar filin Idi, na ga yarinyar da rigar bara, hannun ya tsaya mata a sama da wuyan hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni. Uwar ma ta ce, "Barka da Sallah, Anti," ba ta ƙara ko kalma ba. Bayan Sallah ta aiko aka karɓi atamfar da kuɗin. Har yau muna gaisawa, amma ba ta sake kawo mini ko ɗankwali ba.

"Hajiyar fa?" in ji 'yar Tsafe a hankali.

Na ce ta kawo mini mutane. Kekuna shida nake da su yanzu. Abin da ke ci mini rai ke nan, don abin ya yi aiki. Kuma duk lokacin da zancen ya taso a zuciyata, abin da nake gaya wa kaina shi ne ba ni da zaɓi, sana'a ce ta gaji haka. Sai yau na ji yarinyar fim ɗin nan tana faɗin kalmar da bakinta, na ji yadda ba ta da nauyi. Ina da zaɓi. Da na ce wa Hajiya kala takwas zan iya, da ba ta mutu ba, ni ma da ban mutu ba. Rigar yarinya 'yar shekara tara aikin awa biyu ce. Na dubi wadda za ta iya yi mini masifa da wadda kunya za ta hana ta, na danne mai kunyar.

Muka yi shiru. Malama ta kama hannuna ta ce, "Ba ke kaɗai ba. Ni ma akwai shekarar da nake neman ƙarin girma, Inna tana kwance a cikin garin Bungudu, tafiyar minti goma a ƙafa, sai in yi kwana huɗu ban leƙa ba ina cewa aiki. Ƙanwata ce ta yi jinyar. Na samu girman, ita ta samu albarkar."

'Yar Tsafe ta ce, "To ni dai ba zan daina nema ba, ku ma kada ku daina. Zaman banza ba ibada ba ne. Amma na yarda, in za a hau, a duba a ga a kan wuyan wa aka ɗora ƙafa." Sai ta juyo gare ni. "Kin san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe. Awon yana nan?"

Na tashi na ɗauko tsohon littafin. Yana nan a shafinsa, shi kaɗai ne ban ja wa layi ba. Ta duba lambobin ta ce, "Wannan ai ya yi mata kaɗan yanzu. Sai kin je kin sake."

Da gari ya waye na raka su tasha. A hanyar dawowa na tarar maƙwabciyata ta ɗora kasko, yarinyar tana juya mata ƙullu. Na tsuguna kusa da murhun na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru ranar jajiberin nan, har da cewa ina ciki. Ta ce ta sani, ta ga takalmina a bakin ƙofa. Ta daɗe tana juya ƙosai kafin ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na ciro tef daga jakata na ce yarinyar ta miƙe. Yanzu ta kusa kamo kafaɗata.