Yadda mai bayindin ya cinye min gaɓar farko

Wannan na masu shirin kai kundi ne, musamman wanda aikinsa yake da zane ko alamomin kiɗa a ciki.

Bincikena na masta a kan waƙoƙin marigayiya Barmani Choge ne, ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Abin da nake bi shi ne ko muryarta tana bin karin sautin kalma: idan gaɓa tana da karin ƙasa, shin waƙar ma sauka take yi? Baki kawai ba zai gamsar da kowa ba, dole sai na rubuta waƙar a layukan nan biyar na kiɗa, na jera gaɓoɓin a ƙasa, kowace da alamar karinta. MuseScore na ɗauko saboda kyauta ce. Kuɗin Sibelius ko Dorico sun fi ƙarfin aljihuna, Finale kuwa masu ita sun daina sayar da ita tun Agustan 2024.

Matsalar farko cunkoso. Ɗigon da ya hau saman layin tsakiya, sandarsa ƙasa take kallo, daidai inda gaɓoɓina suke. Ni kuma na matse komai don misali ɗaya ya tsaya a shafi ɗaya. Sai sanda ta zauna a kan alamar karin faɗau, lanƙwasar ƙ ta shige jikin harafin kusa da ita. Me na yi? Na kama linzami na riƙa jan gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu cur, yawanci da daddare idan an kawo wuta a Gwagwalada. A allo abin ya yi kyau, har hoto na tura wa mamana, duk da ba ta san me take kallo ba.

Na kai aka buga kwafi uku aka yi bayindin. A ofis Dakta ya buɗe babi na huɗu, ya danna tsakiyar littafin da tafin hannu, ya ce, "Malama, ina farkon baitin nan?" Wallahi babu. Ɗaurin ya haɗiye alamar farkon layi da gaɓar farko a kusan kowane misali. Kuma a wurare da dama hujjata a kan wannan gaɓar take. Ban iya cewa komai ba sai "Zan gyara, ranka ya daɗe."

Na so in ɗora wa yaron shagon laifi, amma shi abin da na ba shi ya ɗaure. Ashe tun farko shafina a MuseScore yana kan Letter, takardar Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawo 279. Tamu A4 ce, 210 da 297. Sannan sashenmu inci ɗaya da rabi yake so a bari a gefen hagu, ni ko kallon wannan saitin ban taɓa yi ba.

Ina gyara girman takarda da gefen, sai layukan suka sake jeruwa, duk abin da na ja da hannu ya watse, don manhajar tana riƙe da tazarar da na tura kowace gaɓa ko da wurin ya canza. Nan ne na yi kuka, ba wasa ba.

Washegari na zaɓi komai na danna Ctrl da R, kowace gaɓa ta koma mazauninta. Na fara daga takarda: A4, gefen hagu milimita 38. Na ɗan rage girman layukan, na karya layi a inda Barmani take numfasawa, na ƙara tazara tsakanin kiɗa da kalmomi daga saitin salo, sau ɗaya ga duka aikin. Haruffa kuma na koma Charis SIL, mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da alamomin kari ba tare da rigima ba. Manhajar da kanta tana kauce wa karo tun fitowar MuseScore 3, ni ce na hana ta wuri. Gaɓoɓi biyar kacal na taɓa da hannu a ƙarshe. Babin ya ƙaru da shafi shida, Dakta bai ce uffan a kan wannan ba.

Jiya na buga shafi ɗaya tak, na naɗe gefensa kamar an ɗaure, na ga gaɓar farko tana nan. Litinin zan koma shagon, in Allah ya yarda. Kuɗin bugun farko kuwa, bashi ne a wurin yayata, har yanzu ban gaya mata dalilin da ya sa zan sake neman wani ba.